Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tafiya: Laifin Mai Ne ko Laifin Wuta?

Yau a filinmu na kimiyya za mu buɗe bonet mu leƙa cikin injin mota. Ba kuwa motocin zamanin nan mu ke nufi ba, waɗanda kwamfuta ke auna musu mai tana ba su wuta, in sun lalace sai an jona musu na'ura ta faɗi ciwonsu. Tsofaffin nan mu ke nufi, masu kafireto da distributa, waɗanda mutum mai natsuwa ke iya gane ciwonsu da kunnensa da hancinsa, ya kuma yi musu magani da sufana biyu da sukudireba.

Don kada maganar ta tafi a iska, bari mu kama mota guda mu tsaya a kanta, watau Morris Minor. An fara nuna ta ga jama'a a London cikin 1948. Wanda ya tsara ta shi ne Alec Issigonis, an kuwa riƙa ƙera ta a Cowley, gefen birnin Oxford, da waɗansu wurare, har zuwa 1971, bayan an yi fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Injinta mai silinda huɗu ne, na cc 948 daga 1956, sa'an nan na cc 1098 daga 1962. Dattawa daga cikinku sun san ta, gama an yi tasi da ita a biranen Afirka ta Yamma. A Ingila kuwa har yanzu akwai masu kiwonta kamar yadda a ke kiwon doki, suna ɓoye ta da hunturu, su fito da ita in rana ta buɗe. Wanda ya fahimci yadda mai da wuta ke gamuwa a cikinta ya fahimci rabin Peugeot 404 da 504, ya kuma fahimci wani abu game da ɗan janaretan da ke ƙofar shagonsa.

Injin fetur irin wannan yana bin tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya daidaita cikin 1876. Fistin ya sauka ya shaƙo iska gauraye da mai. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ƙyasta, abin ya kama, zafi ya tunkuɗo fistin ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi. Sau biyu karanshaf ke juyawa kafin a gama waɗannan huɗu. To, abin da inji ke bukata bai wuce uku ba: gaurayen mai da iska a bisa ƙa'ida, da matsi, da wuta a lokacinta. Ƙa'idar gaurayen kuwa, in an bi ta nauyi, kashi 14.7 ne na iska ga kashi ɗaya na fetur. Ku lura da wannan. Abincin mota iska ce, fetur ɗan gishirin miya ne kawai.

Ga inda wahalar ta ke. Ciwon mai da ciwon wuta alamunsu kusan ɗaya ne. Mota ta yi tari, ta rasa ƙarfi a kan tudu, ta yi zafi, ta mutu in an tsaya, ta ƙi tashi da safe, ta yi baƙin hayaƙi: kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ƙarancin mai ko yawansa yana iya kawo shi, raunin wuta ko zuwanta ba kan lokaci ba shi ma yana iya kawo shi. Kafireto kuwa yana nan a fili, ga noti ga sukuru suna kiran hannu. Sabo da haka shi a ke fara taɓawa. A murɗa nan, a murɗa can, mota ta ɗan yi sauƙi kwana biyu, ciwo ya komo, yanzu kuma ya zama biyu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Tsofaffin makanikai sun daɗe suna faɗa cewa galibin laifin da a ke ɗora wa kafireto a cikin distributa ya ke kwance, ni ma kuwa ina bayansu. Kafireto ba ya sauya saitinsa da kansa cikin dare ɗaya. Abin da ke cikin distributa kuwa kullum cinyewa ya ke yi.

Sabo da haka aikin yana da tsari. A fara tabbatar da cewa mai yana isowa kafireto, ba tare da an murɗa kome a jikinsa ba. Sa'an nan a gyara wuta da lokacinta. Sai can ƙarshe a koma kan gaurayen.

Amma tun ba a ɗauki sufana ba, a tambayi direba yadda motar ta mutu. In ta ɗauke ne farat ɗaya, kamar an kashe makulli, a fi zargin wuta, domin lantarki ko dai yana nan ko ba ya nan. In kuwa ta yi ta shiƙa, ta ja ta saki, ta ja ta saki, kafin ta kwanta, to, ta yi kama da mai yunwa. Akwai kuma gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo. Sa'ad da ta fara shiƙar nan, a jawo cok. Aikin cok shi ne ƙara mai. In ta farfaɗo, mai ne ya kasa. In ta ƙara lalacewa, ko ba ta ko kula ba, a nemi ciwon a wani wuri.

Morris Minor tana da wata baiwa a nan, watau famfon manta na lantarki ne, ƙirar kamfanin SU, yana manne cikin ɗakin inji, yana kuma magana. Da an murɗa makulli sai a ji shi, ƙas, ƙas, ƙas, da sauri, sa'an nan ya rage, ya yi shiru. A cikinsa akwai wani tantani kamar fatar kalangu, maganaɗisun lantarki yana jawo shi baya ya tsotso mai daga tanki, sifirin kuma ya tura shi gaba ya aika man. Shirun da ya yi ma'anarsa ƙoƙon kafireto ya cika. In an murɗa makulli bayan mota ta kwana ba a ji kome ba, galibi 'yan ƙarafan da ke yanke masa lantarki ne suka yi datti. Shi ya sa za ku ga mai irin motar nan ya fito ya ɗan ƙwanƙwasa famfon da gindin sukudireba, sai ya ci gaba da bugawa. Wannan dabara tana kai mutum gida, amma ba gyara ba ce. A buɗe murfin a goge ƙarafan, ko a sake su.

In kuwa famfon ya yi ta bugawa da sauri ba tsayawa, to, iska ya ke sha. Ko tanki ya ƙare, ko akwai huda a bututun da ke tsakaninsa da tanki. In yana bugawa a hankali ba tsayawa, ga kuma warin fetur, a kashe makulli maza, domin ƙoƙon kafireto ne ke ambaliya. Cikin ƙoƙon nan akwai wani ɗan abu mai iyo da a ke kira fulot, in mai ya cika sai ya taso ya tura wata 'yar allura ta toshe ƙofa. Ƙwayar tsatsa guda ta isa ta hana ƙofar rufuwa, haka kuma in fulot ɗin ya huje ya nutse. A motar nan kafireto a saman bututun hayaƙi ya ke zaune, sabo da haka ambaliyar nan ba abin wasa ba ce. Motoci da yawa sun ƙone ƙurmus ta wannan hanya.

Don a raba gardama, a cire tiyon da ke shiga kafireto a sa bakinsa cikin kwalba, a murɗa makulli. Famfo mai lafiya zai ba da kamar rabin lita cikin minti ɗaya ko biyu, yana tofowa da ƙarfi, ba kumfa. A ɗaga kwalbar a duba. Ja-ja a ƙasa tsatsar tanki ce. Wani abu kamar ƙwallon gilashi yana birgima a gindin kwalba kuwa ruwa ne, gama ya fi fetur nauyi. Ba sai na ce a yi wannan a sarari ba, inji a sanyaye, ba taba a baki, ba fitilar kwai kusa. Kada kuma a tsotsi fetur da baki. Ɗan kaɗan in ya sarƙe ya shiga huhu yana iya kwantar da ƙato.

Akwai wani ciwo mai ban dariya da ke sa mutane sayen famfo sabo a banza. Mota ta tashi lafiya, ta yi mil biyar ko goma, ta mutu. A jira kaɗan, ta tashi, ta sake. Murfin tanki yana da 'yar ƙofa da iska ke shiga ta maye gurbin man da aka sha. In ƙura ta toshe ta, sai tanki ya zama kamar gwangwanin madara da aka huda wuri ɗaya, ba ya zuba. A buɗe murfin nan take. In an ji ya ja iska, fuu, an kama ɓarawo.

Sai mu zo ga fetur kansa, domin wanda a ke sayarwa yau ba shi ne wanda aka ƙera motar domin ta sha ba. Tun 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma a Amurka, don tana hana inji ƙwanƙwasa. Daga baya aka tabbata guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, aka yi ta hana ta ƙasa bayan ƙasa. Ingila ta daina cikin 2000, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, cikin 2021. Wannan alheri ne babba ga 'yan Adam. Amma dalmar nan tana shimfiɗa wani ɗan rufi a mazaunin bawul ɗin hayaƙi, in babu ita kuwa, kan inji na baƙin ƙarfe irin na Morris yana iya cinyewa a hankali in ana yi masa doguwar tafiya da gudu. Bawul ya nutse, ratar da ke bayansa ta rufe, matsi ya zube, mota ta fara tari kamar mai ciwon kafireto. Don haka a auna ratar nan tun da wuri. A injin nan kashi 12 ne cikin dubu na inci, inji a sanyaye. Masu hali kan sa a dasa musu mazauni mai tauri su huta.

Abu na biyu, a watan Satumba na 2021 fetur na yau da kullum a Ingila ya koma wanda a ke kira E10, mai ɗauke da etanol har kashi goma cikin ɗari. Etanol yana jawo danshi daga iska, in mota ta daɗe a ajiye sai ruwa ya taru a gindin tanki ya haifi tsatsa. Yana kuma cin tsohuwar roba, tiyo ya tsage daga ciki, ɓarɓashinsa ya tafi ya toshe allurar fulot. Maganin wannan shi ne a sake duk tiyon da irin na zamani wanda aka yi domin etanol. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki kuwa, sassansa masu saurin kamawa sun riga sun tashi, saura ya fara zama ƙaro. Kada a zargi inji da ƙin abincin da ya kwana.

Yanzu ga wurin da hanyoyin biyu su ke rikitar da ko gwani. Mota ta yi tafiya lafiya, ta shiga cunkoso da tsakar rana, ta mutu. Bayan minti ashirin ta tashi kamar ba ita ba. Fetur ba ruwa ɗaya ba ne, taron ruwaye ne, waɗansunsu kuwa suna tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. In ɗakin inji ya yi zafi, mai ya tafasa cikin bututu, famfo ya yi ta bugun tururi a banza. Wanda ya yi tuƙi a watan Afrilu a Sakkwato ko Injamena ya san wannan ba sai an gaya masa ba. Amma kwayil mai ciwo shi ma haka ya ke yi, yana aiki da sanyi, ya ɗauke in ya gasu. Kwandansa ma haka. Har da ɗan rotan da ke juyawa cikin distributa, gama akwai na jabu da ke barin wuta ta zurare ta jikinsa in ya yi zafi. Ba a raba su sai a lokacin da ciwon ya tashi, kafin mota ta huce. A zare babbar wayar da ta fito daga kwayil ta shiga tsakiyar murfin distributa, a riƙe ta da filaya mai roba a hannu, a kusantar da bakinta ga jikin inji kamar rubu'in inci, nesa da kafireto, wani ya buga sitata. Wuta shuɗiya mai ƙara, ɗas, ɗas, ta nuna kwayil da kwandansa suna aiki. Wuta ja mai laushi, ko babu sam, ta nuna inda ciwon ya ke. In wuta tana da kyau a nan amma ba ta kaiwa fulogi, rota ne ko murfin. In kuwa ta kai har fulogi, a jiƙa tsumma a ɗora wa famfo da ƙoƙon kafireto. In ta tashi da wuri, tururi ne.

Daga ina batir mai bolt 12 ke samun wutar da ta isa tsallake rata cikin iska matsattsiya? Asalin abin binciken Michael Faraday ne na 1831, wanda ya nuna cewa in ƙarfin maganaɗisu ya sauya kusa da waya, lantarki kan taso cikin wayar. Cikin kwayil akwai naɗi biyu, ɗaya na waya mai kauri, naɗi kaɗan, ɗaya na waya siririya kamar gashi, naɗi dubbai. Lantarkin batir ya ratsa na farko ya gina maganaɗisu. Sai wasu 'yan ƙarafa biyu cikin distributa, waɗanda makanikai ke kira kwantak, su rabu su yanke shi. Maganaɗisun ya rushe farat ɗaya, rushewar nan ta haifi bolt dubu goma sha biyar ko ashirin a naɗi na biyu. Ku riƙe wannan da kyau, gama duk saitin a kansa ya dogara: wuta tana zuwa ne lokacin da kwantak ya buɗe, ba lokacin da ya rufe ba. Aikin kwandansa kuwa shi ne ya haɗiye tartsatsin da zai tsallaka bakin kwantak, don yankewar ta zama mai kaifi. Charles Kettering ne ya tsara wannan hanya a Amurka wajen 1910, ta kuma yi mulki fiye da shekara sittin. In injin nan yana juyi 3,000 a minti, kwantak yana buɗewa sau ɗari cikin kowane sakan.

To, me ya sa lokaci ya zama abin damuwa haka? Mutane kan ce mai yana fashewa cikin silinda. Ba fashewa ya ke yi ba in inji yana lafiya. Ci ya ke yi, kamar wutar daji, ta tashi daga bakin fulogi ta bazu har bango. Cin nan yana ɗaukar kamar kashi biyu ko uku cikin dubu na sakan. Ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo nesa, amma ga inji lokaci ne mai yawa. Bari mu yi lissafi. Inji yana sulo, juyi 600 a minti, watau 10 a sakan. Kowane juyi digiri 360 ne. Cikin kashi ɗaya na dubu na sakan ke nan karanshaf ya juya digiri 3.6. In aka taka totur ya kai juyi 3,000, cikin wannan ɗan lokaci digiri 18 zai juya. Abin da a ke so shi ne ƙarfin turi ya cika jim kaɗan bayan fistin ya wuce ƙololuwarsa ya fara gangarowa. Dole ke nan a ƙyasta tun bai kai ƙololuwa ba, kuma gwargwadon saurin inji, gwargwadon yadda za a riga shi. Maharbi ya san wannan. Ba ya auna zabuwa inda ta ke in ta tashi, gabanta ya ke aunawa, in kuwa tsuntsu mai sauri ne sai ya ƙara nisa.

Distributa yana yin wannan lissafi da kansa ba tare da kwamfuta ba. A ƙarƙashin farantin da kwantak ke zaune akwai 'yan ƙarafa biyu masu nauyi, ɗaure da sifirin. In juyi ya ƙaru sai su buɗe waje, kamar yadda dutse ke ja in ana wulwula majajjawa, su murɗa sandar da ke buɗe kwantak ta yi gaba. In tsatsa ta kama su, mota za ta yi sulo sumul amma ta kasa gudu, mai ita kuwa ya rantse mai ne ba ya isa. A kama rota a ɗan murɗa shi wajen da ya ke juyawa, a sake. Ya kamata ya motsa kaɗan ya komo da kansa. A gefen distributa kuma akwai wani abu kamar ɗan faifai mai tantani a ciki, siririn bututu ya haɗa shi da kafireto. In ana tafiya da totur kaɗan, gaurayen da ke shiga silinda ba shi da yawa, yana kuwa ci a hankali, sai tsotson inji ya ja tantanin ya ƙara gabatar da wuta. Wannan ɗan abu in ya yage laifi biyu ya ke yi a lokaci guda: wuta ta makara, iskar da ba a auna ba kuma ta saci hanya ta shiga. A cire bututun daga wajen kafireto a tsotsa, a ga ko farantin ya motsa ya kuma tsaya muddin an toshe da harshe.

In wuta ta yi sammako ƙwarai, turi yana gamuwa da fistin tun yana hawa. Sai a ji wata ƙara siririya in an taka totur a kan tudu, kamar ana kaɗa ƙusoshi cikin gwangwani. Wannan ita ce fashewa ta gaske, saura gaurayen ne ke tashi gaba ɗaya don matsi da zafi, in an bar ta kuwa tana iya huda kan fistin. Wanda ke tayar da motar da hannu, gama Morris Minor ta zo da sandar tayarwa, ya kiyaye babban yatsansa, kada ya zagaya sandar da shi, domin inji mai sammakon wuta yana harbi baya. In kuwa wuta ta makara, mai yana cikin ci bawul ɗin hayaƙi ya buɗe. Ƙarfi ya bi salansa, inji ya yi zafi, mota ta yi nauyi, ta sha mai kamar rairayi.

Abin da ke sa lokacin ya goce da kansa shi ne ɗan dunduniyar kwantak, wadda ke gogar sanda dare da rana. Tana cinyewa, rata tana raguwa, kwantak yana buɗewa a makare. Sabo da haka ba a saita lokaci sai an saita rata. A distributan Lucas na motar nan kashi 15 ne cikin dubu na inci, na fulogi kuwa 25, ana auna su da 'yan siraran ƙarafan nan na awo. A shafa ɗan giris kaɗan a jikin sandar. A kuma tabbata wayoyin fulogi suna bin jerinsu, 1, 3, 4, 2, ana ƙirgawa daga silindar da ke kusa da lagireto, rota kuwa yana juyawa saɓanin hannun agogo.

Saitin kansa ƙwan fitila mai bolt 12 da waya biyu sun isa. A juya inji da sandar tayarwa har rota ya fuskanci wayar silinda ta ɗaya. A jikin faifan da ke jan bel ɗin fanka akwai tsaga, a ƙarƙashinsa kuma akwai haƙora uku: dogon shi ne ƙololuwa, sauran biyu digiri 5 da 10 kafin ta. Sai an durƙusa ko an sa madubi a ke ganinsu, wanda ya sa su can bai tausaya wa gwiwar kowa ba. Littafin injin cc 1098 digiri 3 ya ce. A tsayar da tsagar a nan, a haɗa ƙwan tsakanin ƙaramar wayar distributa da jikin inji, a murɗa makulli, a sassauta notin da ya riƙe distributa. A juya jikinsa saɓanin agogo har ƙwan ya mutu, sa'an nan a komo da shi a hankali ƙwarai. Inda ƙwan ya kama, nan kwantak ya buɗe. A ɗaure.

Yanzu ne, ba kafin yanzu ba, a ke da izinin taɓa kafireto. Na SU abu ne mai ban sha'awa. 'Yan'uwa ne masu suna Skinner suka ƙago shi, suka kafa kamfaninsu cikin 1910, gidansu kuwa gidan masu sana'ar takalma ne, shi ya sa na farkon da zuga-zugin fata aka yi shi. A cikin tulun nan mai kama da ƙararrawa akwai fistin da tsotson inji ke ɗagawa, a gindinsa kuma allura ce mai tsini da ke shiga cikin jet. Iska ta ƙaru, fistin ya hau, allura ta fito, ƙofar mai ta faɗaɗa. A kwance hular da ke bisa tulun a duba ko akwai mai a ciki, gama shi ke hana fistin zabura. In ya bushe, mota za ta yi tuntuɓe duk sa'ad da aka taka totur. A ɗaga fistin da yatsa a sake, ya kamata ya sauka sumul a ji ya ce ƙwas. In an riga an dagula saitin, a murɗa notin jet sama har ƙarshe, a komo da shi ƙasa juyi biyu cikakku, a tayar da inji ya yi zafi, ƙofar gareji a buɗe sabo da hayaƙin nan yana kisa ba wari. Sa'an nan a tura ɗan fil ɗin da ke gefe ya ɗaga fistin kamar kaurin farce. In juyi ya ƙaru ya zauna a sama, mai ya yi yawa, a yi sama da noti. In inji ya nemi mutuwa, mai ya kasa, a yi ƙasa da shi. In ya ɗan ɗaga ya komo, an dace. In kuwa an yi ta murɗawa ya ƙi daidaituwa, a nemi inda iska ke satar shiga, ko ta gaskat ɗin da ke tsakanin kafireto da inji, ko ta sandar totur da ta cinye mazauninta.

Saura hanya ta yi hukunci. Adadin da ke cikin littafi an rubuta shi ne don fetur na wancan zamani da distributa sabo, sabo da haka mafari ne kawai. A sami tudu mai sauƙi, a sa babbar giya, ana tafiya kamar mil 30 a awa, a taka totur sosai a kasa kunne. In an ji ƙusoshin nan, a tsaya. A gefen distributa akwai ɗan noti mai ƙirƙira da haruffa biyu, A da R. A murɗa shi kaɗan wajen R, watau a jinkirta wuta, a sake gwadawa, har ƙarar ta ɓace. Bayan tafiyar mil goma ko ashirin a kwance fulogi huɗun a jera su yadda su ke a inji. Launin ƙasa-ƙasa kamar toyayyar gyaɗa shi a ke nema. Fari fat ya nuna mai ya kasa ko zafi ya yi yawa, baƙin gawayi ya nuna mai ya yi yawa. In kuwa uku sun yi kyau ɗaya ya yi baƙi, a bar kafireto ya huta, gama guda ne ke ciyar da su duka. A bi wayar wannan fulogi, a duba murfin distributa ko ya tsage, sa'an nan a auna matsin silindar.

Mako mai zuwa za mu duba lagireto, da dalilin da ya sa ruwan cikinsa ke wuce digiri 100 bai tafasa ba.